Ruwa a Cikin Katako

Shekara arba'in da ɗaya
ina ƙera jirage a gaɓar Dalcahue,
aikina guda ne: in hana ruwa shiga katako.
In cusa igiya a tsaga, in bi da kwalta,
in kwana a cikin jirgi da tocila a baki
ina farautar ɗigo.

Sai ga jikata Ximena daga Puerto Montt,
jakarta cike da tiyo da wayoyi.
Wai, Kaka, akwati za ka yi wa kwamfutata,
na katako,
kuma ruwa zai riƙa zagayawa a cikinsa.

Na ce, 'yar nan, ko karatu ya taɓa ki?
Lantarki da ruwa da itace a ɗaki ɗaya,
wa zai raba su in faɗa ya kaure?
Ta yi dariya. Ta ce injin nan zazzaɓi gare shi,
in ya ɗau lissafi jikinsa kamar garwashi,
fanka kuwa ta cika surutu.
Ruwa ne ke ɗauke zafi bai ce uffan ba.

To.
Na janyo wani falange daga bayan rumfa,
ragowar jirgin ƙanena Belarmino,
wanda teku ta dawo mana da shi
ba ta dawo da mai shi ba.
Shekara goma sha tara ban sa masa zarto ba.
Da haƙoran suka shiga,
ƙamshin gishiri ya tashi, na ɗan juya baya,
na ce garin katako ne ya faɗa mini a ido.

Ita da ma'auninta na milimita,
ni da babban yatsa.
Ta ce a matse ko'ina.
Na ce a'a, katako ko ya mutu yana numfashi,
da damina ya kumbura, da rani ya tsuke,
bar masa ɗan wuri ko ya tsage miki.
Ba mu sa ƙusa ba, baki da baki muka haɗa.
Na fafe gurbin lagireto da kurfi,
na ɓata ɗaya, na sake.
Ta lanƙwasa tiyo a kan zafi,
ta ƙone yatsa, ta tsotse,
ta yi wani zagi da ban san ta iya ba.

Daren gwaji ta shimfiɗa farar takarda
ƙarƙashin kowace mahaɗa,
ta ɗura ruwa, ta kunna famfo shi kaɗai.
Kumfa ta bi tiyo a guje
kamar 'yan kifi sun ga inuwar tsuntsu.
Sha biyu ta yi, barci ya sace ta a kan benci.

Wajen ƙarfe uku na ji shi.
Ban gani ba, ji na yi,
irin jin da ke tashe ni a tsakiyar teku.
Na bi da yatsa, mahaɗa bayan mahaɗa,
a ta biyar na taɓa sanyi.
Ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Na ce, sannu, tsohon abokin gāba,
har nan ka biyo ni?
Na tashe ta. Zoben roba ne ya karkace.
Ta gyara, ta dube ni, ba ta ce komai ba,
ta dai ɗora mini ruwan shayi.

Jibi za ta tafi da abinta.
Yanzu yana kan teburin aikina,
shuɗiyar fitila na leƙowa ta tsagar iska.
Na kara kunne a jikin katakon:
ruwa na wucewa ta ɗaya gefen, a hankali,
yadda yake yi in an kashe inji
an bar jirgi ya huta.

Belarmino, ka ji?
Wannan karon ni na buɗe masa ƙofa.