Ta-Tambaya

Ta zo shekarar da gyaɗa ta faɗi warwas,
doguwa, wuyanta duk rana ta toye,
kaye a hannu, rikoda a jaka.
Lorin sunanta, harshenmu ya ƙi ɗauka,
muka raɗa mata Ta-Tambaya.

Ni Tasalla, mai ƙuli a Bagalam,
ni ta liƙe wa kamar ƙaska.
"Don mi ake kukan amarya?
Wa ya ba wa kwalla, wa ya rama?
Biki bashi ne ko kyauta?"
Na ce, baiwar Allah, kama muciya,
tunkuza ba ta jiran amsa.

Ta matsa mai har hannunta ya yi kanta.
Zazzaɓi ya kayar da ita sau biyu,
na dafa mata ganyen bedi,
ta sha tana yamutsa fuska,
ta rubuta har ɗacin.

Da dare takan zauna gaban inna,
inna na ba ta labarin Gulbi,
yadda ya shigo tsohon gari ba sallama,
aka hau tudu da tukwane a kai.
Mu mun gaji da jin wannan zance.
Ita kaɗai ke cewa: a sake.

Damina uku, ta tafi.
Baƙo raɓa ne, muka ce, muka ci gaba da suya.

Bana wani ɗalibi ya kawo saƙo:
ta rasu can garinsu, cikin sanyi,
ta bar mini littafi da kaset guda.
Jikana Mamman Sani ya fassara mini.
Ta canza sunana, wai don sutura,
ta ce ni mace ce mai haƙuri.
Kishiyar gaskiya! A tambayi masu bashina.
Ta ƙidaya kwallayen auren Habsu daidai,
ba ta san rabinsu aro ba ne.

Amma kaset ɗin.

Muka nemo rediyo gidan Ɗan Tani makaniki,
aka busa ƙura, aka sa batir.
Sai ga tarin inna, sai ga muryarta,
shekara ashirin da shida a ƙasa,
tana cewa, "Tasalla, wutarki ta yi yawa."

Na tashi na rage itace.
Sannan na dawo na ce wa yaron:
a sake.