Majigi a Tashar Ƙaura

Da an sallame isha'i muke sulalewa,
ni da Tumba, da tabarma guda, da guntun rake,
mu bi layin dogo har bayan sito,
inda Labbo kan ɗaura farin ƙyalle jikin bango
yana zagin janareta kamar jakin haya.

Sai haske ya fito ta ɗan rami,
ƙwari su faɗa ciki suna iyo.
Ga wani gulbi can ƙasar Ingila
wanda Gagare, ko ya cika ya batse,
bai kai ya riƙe masa buta ba.
Ga ƙarfe tsaye cikin ruwa, ƙafa dogo-dogo kamar zalɓe,
ga mutane a bisa, ƙanana kamar tururuwa,
ko igiya babu a ƙugunsu.

Fim ɗin ya tsufa tun kafin ya iso mu.
Zane-zane fari ke ta zuba a cikinsa,
har muka ɗauka can ruwa ba ya ɗaukewa.
Baturen ciki ta hanci yake magana,
sai Labbo ya maƙure shi, ya ɗau lasifika:
"Wanga mai lofe shi as sarkin aiki.
Wancan mai tumbi, bashi aka bi nai."
Mu kwashe da dariya. Wa zai ƙaryata shi?

Babana Nomau ba ya dariya.
Shekara ashirin yana bin taragu da guduma,
yana ƙwanƙwasa ƙafafu, yana sauraron wadda ta tsage.
Shi hannuwa yake kallo.
Wani ya zaro ƙusa daga wuta da awartaki,
ya wurga, wani ya cafe a gwangwani,
na uku ya zura, na huɗu ya hau ta da duka
tun ba ta huce ba.
A ƙyallen nan babu ja, fari ne da baƙi,
amma baba ya ce, "Ta nuna."
Ya gane ne daga yadda mai riƙon ya kau da fuska.

Daren nan ya dafa kaina, ya ce ƙasa-ƙasa,
"Ashe su ma suna dako.
Dubi wuyan rigar wancan, gumi ne."
Bai taɓa ganin Bature da kaya a kafaɗa ba,
sai da takarda, a inuwa.

Wata rana Labbo ya juya faifan da baya.
Jirgi ya haye gada yana ja da baya,
yana haɗiye hayaƙinsa,
Tumba ta yi dariya har ta ƙware da rake.
Bara aka rufe ta a Gusau.
Labbo kam tuni, har lasifikarsa.

Na sani, ba sai an karanta mini ba,
ba don zumuncinmu aka shimfiɗa dogon nan ba.
Gyaɗa ya zo ɗauka, da auduga, da fata,
kuma ba mai majigin da ya ɗauki kafaɗar baba
ya haska wa yaran Ingila.
Duk na sani. Kewa ba ta karatu.

Jikata Rumasa'u ta nemo mini irinsa a waya.
Gada guda a tafin hannuna!
Na ga mai lofe, ko ɗan'uwansa,
na ji Turancin tsaf, ba wanda ya maƙure shi,
ba wanda ake bi bashi.
Ban kai ƙarshe ba na miƙa mata abarta.

Da la'asar na taka zuwa tasha.
Tafasa ta rufe layi, akuya na kwance a kan sikeli,
ƙusoshin Labbo biyu na nan jikin bango.
Na duba, ba mai kallona,
na ɗau dutse, na durƙusa da ƙyar,
na ƙwanƙwasa dogo yadda baba ke yi,
na kara kunne.

Ƙarfen ya amsa, har can nesa.
Bai tsage ba.