Sawun Gada a Bayan Fitowa

Bayan la'asar muka bar kwalta,
can inda gonar gyaɗa ta ƙare a bayan Fitowa,
ni da Goggo Dudu da sandarta ta gora.
Hanyar ba ta isa a kira ta tafiya ba:
mai zafin nama zai je ya komo
kafin ruwan shayi ya tafasa.
Mu kuwa sai da inuwa ta ninka mu uku.

Yana ta rufe idon Goggo tun bara waccan.
Ni ne mai ido, in ji 'yan gida, ni zan ja ta.
Shekara ashirin ina taka keke a kasuwar Garwa,
ko a duhu hannuna ya san shadda,
amma itace, duk sunansa itace a wurina.

Ta tsaya, ta ɓanɓari ɓawo, ta kai hanci.
"Maɗaci," ta ce, "ɗanɗana."
Na ɗanɗana na tofar, ta yi dariya har da tari:
"Haka ubanka ya yi, ranar da zazzaɓi ya sake shi."
Ga marke, ga taura,
ga kanya, biri ya gatsa ya yar,
ga gawo tsirara, mai jayayya da damina,
sai yanzu yake shawarar sa riga.

Na hango wani wake mai gashi kamar karammiski.
Sanda ta riga hannuna isa.
"Ƙaiƙayi ne, Gambo.
Ba kowane mai laushi ake shafa ba."
Yadda ta sani, har yau ban sani ba.

Kwarkwasa ta tare hanya, baƙin zare mai tafiya,
muka jira kamar masu jiran jirgi ya wuce.
Cilakowa na sama tana ƙorafinta,
damo ya ji mu, ya ja cikinsa bayan suri.

A rafi ruwa ya janye, ya bar rairayi mai sanyi.
Na ce, "Ga sawu." Ta ce, "Kai hannuna."
Ta durƙusa, ta bi gefen ramin da yatsa:
"Gada. Bakin bai rufta ba tukuna.
Yi shiru, tana jin ka."

Sai ga ta, tsakanin kalgo da dutse,
kunne a miƙe, ƙafa ɗaya a sama.
"Faɗa mini," in ji Goggo, ƙasa-ƙasa.
Ba ni da kalmar daji, sai ta shago:
"Kamar kaki ne da ya sha wanki,
an ɗinka masa baƙin layi daga goshi zuwa hanci."
Ta gyaɗa kai. "Ita ce. Ba su sake ɗinki ba."
Kafin in ƙifta, ganye kawai ke motsi.

Ƙarshen hanya akwai ɗinya, ta ce,
nan take hutawa tun tana goyon uwata.
Ta miƙa hannu. Hannun ya kama iska.
Na ga kututture, na ga baƙin gurbin gawayi,
na rasa ta inda zan fara.
Ba ta tambaya ba. Hanci ya riga ni.
Ta zauna a kai, ta lalubi gindi,
can ta ce, "Zo ka gani,"
ita da ba ta gani:
toho uku, kowanne bai kai allura biyu ba.
Muka kewaye su da ƙaya saboda awaki.

A komowa ta ce ni zan kira suna.
Cikin tara na ci huɗu,
na ce wa marke kirya, na sha sanda a ƙwauri.
Kiran magariba ya taso daga Fitowa
muna tsallake kunyar ƙarshe.

Washegari a shago, ina zare ƙarangiya daga wando,
harshena bai gama rabuwa da maɗaci ba.