Diddigen Hagu

Da asuba in na sauko daga gado,
Diddigen hagu ke fara gaishe ni,
Gaisuwar da ba a amsa ta da "lafiya".
Kamar na ɗora shi a kan garwashi,
Kamar cikin naman an dasa ƙaya.

Kakana Jatau daga Haɗeja ya taso,
Shekara bakwai yana tafe yana noma a hanya,
Ya keta Wadai, ya keta Darfur,
Faso a ƙafarsa har kwabo kan ɓuya,
Ya sauka Maiurno bai ce wash ba.
Ni jikansa, masallacin bayan gida
Ya zame mini Makka don wuya.

Uwale ta dafa ganyen darbejiya na tsoma,
Ta murza da man riɗi, ta ɗaure da tsumma,
Gobe ta zo daidai da jiya.

Likitar Sinnar sa'ar 'yata ce.
Ba ta fara duba ƙafar ba,
Silifana ta ɗaga, ta juya.
Gefe guda ya cinye kamar tsohuwar fartanya.
"Baba, shekararsa nawa?" Na ce huɗu.
Ta ce, "Ga ɓarawon," tana dariya.

Na shiga kasuwa da hantsi, kuɗi a aljihu.
Hashimu mai rumfa ta uku ya dube ni,
Ya ce, "Je ka sha shayi, ka dawo da la'asar.
Ƙafar yamma ta fi ƙafar safiya.
In na auna ka yanzu, da magariba za ka zage ni."
Ban taɓa ganin ɗan kasuwa ya kori kuɗi ba,
Na tafi ina juya abin a zuciya.

Da na dawo ya zaro wani ja mai walƙiya,
Ya murɗe shi kamar mai matse wanki.
"Ka gani? Wanda ya murɗu ba zai riƙe ka ba,
Kara ne aka jingina a bakin rijiya."
Ya ɗauko shuɗi, ya tanƙwara bakinsa:
"Nan yatsu ke lanƙwasa, nan kaɗai zai lanƙwasa.
Danna bayansa. Ka ji tauri?
Diddige maraya ne, yana son mai tsaya masa a baya."

Ya sa ni safa, ya ɗaure igiya,
Ya dasa babban yatsansa a gaban nawa,
Ya ce dole wannan fili ya saura,
Ko kabari ana barin wurin juya.
Na ce lambata arba'in da biyu tun ina saurayi.
Ya ce, "Lamba ba ta tafiya, Baba. Tashi ka taka."

Idona yana kan markub na fata, na zuwa Juma'a.
Ya ce, "Wancan na ido ne.
Ido ba shi da diddige."

Na taka zuwa mai gyaɗa, na dawo.
Na taka zuwa mai albasa, na dawo.
Kuɗinsa ya kusa rabin buhun dawa.
Na yi tayi, ya yi albarka, na yi tayi,
Ya rage abin motar komawa, na biya.

Farar jallabiya, shuɗin kambas a ƙasa.
Yaran unguwa suka bi ni suna tafi:
"Baba zai buga mana lamba tara!"
Uwale ta rufe baki da mayafi don kunya.

Ba zan ce ciwon ya tafi ba, in na faɗa na yi ƙarya.
Yana nan da asuba, sai dai ya rage murya.
A kwana na sha tara na bi bakin Nilu,
Na wuce gonakin ayaba, na wuce masunta,
Har maƙabartar da Jatau ke kwance.

Na tuɓe su, na riƙe a hannu.
Ƙasa da zafi, na tsaya.