Mai Gyaran Ƙugiya

Shekara sha tara ke nan ina gidan jarida,
ni da jan biro da tabarau mai ɗaurin zare.
Aikina ƙugiya:
in lanƙwasa wa harafi kansa
don kada ƙasa ta wayi gari kasa,
ko da yake, tsakani da Allah,
an daɗe da kasa ta tsibi-tsibi
kamar tumatir a Kasuwar Daji.

Jam'iyya ɗaya gare mu.
Sauran sun naɗe tutocinsu tun bara waccan,
an ɗinka matasan kai da su.
Ran zaɓe mukan yi layi cikin rana
mu zaɓa tsakanin Alhaji da Alhaji.

Luba ce ta hau kabukabu
ta tafi wani ƙauye gabas da Kware
neman rijiyar burtsatse
wadda aka biya kuɗinta sau uku.
Ta tarar da allon ƙarfe,
da akuya ɗaure a gindinsa,
da mata sun doshi gulbi da jarkoki.
Wata tsohuwa, Inna Hajo, ta ce mata:
"Ɗiyata, ruwanmu cikin rediyo shi ka zuba,
tulunmu ko ba shi kama tasha."

Ta rubuta. Na duba. Babu kuskure ko ɗaya.

Sha ɗaya na dare injin ya fara tari,
sai ƙamshin turare ya yi sallama
kafin mai shi ya shigo.
Sakataren jam'iyya ba ya ɗaga murya.
Ya ba ni hannu biyu,
ya tambayi lafiyar 'ya'yana,
kowanne da sunansa,
har da makarantar da autar take zuwa.
Sannan ya ɗora yatsa a shafi na uku.
Edita Tambari ya ɗaga kai
yana ƙirga fikafikan fanka.
Uku ne, jiya ma uku ne.

Aka tsayar da injin.
A gurbin Luba aka sa hoton Alhaji
yana yanka kirtani, yana dariya.
Mai rubuta yabon ya manta ƙugiya
a "riƙon amana".
Ni na sa masa ita. Da hannuna.
Wannan kasona ne, ba na musu.

Kwafi ɗari uku sun riga sun fito.
Aka ce wa Arzika maigadi ya ƙone su.
Arzika bai san boko ba,
amma ya san kuɗin kilo.
Kafin asuba ya kai su Gawon Nama
wurin masu balangu.

Da magariba ta yi,
duk wanda ya sayi nama
ya tafi gida da Luba a naɗe.
Maiƙo ya ratsa takardar,
lambobin suka fito fes, gaba da baya,
yaji ya zauna a kan miliyoyin.
Na ga wani tela a Marina
yana lasar yatsa yana karanta wa mutum shida,
ba wanda ya ce uffan,
ba kuma wanda ya tashi.

Kwana huɗu ba mu ga Luba ba.
Da ta dawo, takalmin ƙafarta ba nata ba ne,
kuma ta daina zama da ƙofa a bayanta.
An mayar da ita teburin cigiya:
ɓatan yara, ɓatan tumaki, ɓatan takardun fili.

Jiya ta turo mini 'yar takarda:
"Ana cigiyar rijiya, shekararta uku,
ba a taɓa ganin ta ba.
Wanda ya tsinta ya kai wa Inna Hajo."

Na bi ta harafi harafi.
Ƙugiyoyinta duk suna nan.
Na ninke ta huɗu, na sa cikin hula,
na fita sallar isha da ita a kaina.