Hoton Ƙirjin Baba

Likita Rakiya ta ɗaga hoton ga hasken taga,
haƙarƙarin Baba Tankari suka bayyana
kamar rumbun da aka yaye wa jinka.
Can hagu, ƙarƙashin kafaɗa,
wani farin tabo, bai fi goro ba.

Shekara talatin yana gasa burodi a unguwar Zariya.
Muka ce hayaƙin tanderu ne,
muka ce sanyin Gulbi ne,
har kakin ya fara ja.

Ta ce hoto inuwa yake gani, bai san sunanta ba.
Sai an shiga sikana,
sai allura ta tsakuro tsoka an kai Yamai,
sai jini ya ba da tasa shaidar.
Ba ta ce daji ba. Ni ma ban ce ba.

Na tambayi kwana nawa.
Ta ɗora ma'auni: santimita uku.
"Wannan nake iya aunawa."

Baba ya karɓa, ya juya shi sama da ƙasa.
"Ashe ni ma na ƙone ta gefe ɗaya."

A adaidaita muka koma,
ina riƙe da shi,
yana riƙe da hoton
kada iska ta lanƙwasa shi.