Taki Uku Ƙasa

A shagon Sallau, bayan tashar jirgin Sabon Gari,
inda muke haɗa tallar sabulu da maganin basir,
akwai manhajar da ke wasa da maƙogwaro.
Ka ja zare sama, ƙato ya koma ɗan tsako,
ka ja ƙasa, yarinya ta yi gurnanin bajimi.
Bakina ɗaya, muryoyi biyar,
ladan mutum biyar a aljihun Sallau.

Ran Laraba janareto ya ƙi tashi,
na kwaso aiki zuwa gida, Gyallesu.
A zaure, kwamfuta bisa cinya,
na ce wa makirfo, don gwaji kawai,
"Salamu alaikum, ina mutan gidan?"
Na ja zaren ƙasa.
Taki ɗaya, ni ne da mura.
Taki biyu, wani baƙo daga nesa.
Taki uku,

sai Baba ya yi sallama.

Baba, da muka raka makwanci shekara shida,
wanda ko tarinsa bai bar mana a kaset ba.

Daga madafa na ji faɗuwar muciya.
"Maraba, Malam, sannu da..."
Inna Tabawa ta tsaya bakin ƙofa,
gari fari fat a hannuwanta.
Ta dube ni, ta leƙa bayan ƙyaure,
ta dubi ƙusar da yake rataye hula.

Na ce, "Na'ura ce, Inna. Ni ne."
Ta ce, "Na sani.
Shi ai sai ya yi gyaran murya tukuna,
sai ya jingine keke."

Tuwon ranar ya yi gudaji.
Muka cinye, ba wanda ya ce uffan.

Cikin dare na ja zaren sama,
ko zan samo yaron da yake goyawa a keken nan
har Ƙofar Doka, yana roƙon rake.
Ba yaro. Sai kukan agwagwa.
Ashe gangara ce kawai a buɗe,
kuma ko ban taɓa komai ba
shekaru na ja mini zaren a hankali.

Da asuba, kafin ladan ya gama,
ta ƙwanƙwasa mini taga.
"Abin nan naka na jiya,
kada ka goge shi."
Ta yi taku biyu, ta juyo.
"Kada kuma ka sake kunnawa."